Taku Arba'in Daga Tsamiya

Malam Labbo na ƙasar Maradun yana cikin leburorin da suka zuba kankaren dam ɗin Bakolori. Shekara uku yana tura baro yana washe baki wai shi ma'aikaci, bai san da hannunsa yake gina abin da zai haɗiye ƙauyensu ba.

Ana gab da tare ruwan matarsa Hindu ta rasu wajen haihuwar Surajo. Ranar da aka tashe su, Labbo ya jingina bayansa da tsamiyar maƙabarta, ya fuskanci gabas, ya ƙirga har gefen kabarinta: taku arba'in. Da wannan ya fita, sai jariri.

Ruwa ya zo ya yi zaman dirshan. Gaba tafki, baya dajin da ya gagari shiga, Labbo ya tsufa a tsakani, a matsugunin da har yau ya ƙi kiransa gida. Burinsa bai wuce ya nuna wa Surajo makwancin uwarsa kafin ya cika ba.

Bana bazara ta yi tsanani, ruwa ya janye, sai ga kututturen tsamiyar a fili. Labbo ya jawo Surajo, wanda shi ma furfura ta fara leƙo masa, suka gangara. Tsoho ya jingina, ya dogara sanda, ya ƙirga. Arba'in ta cika a kan busasshiyar laka. Ya durƙusa yana addu'a yana hawaye, don daɗi ya kama shi.

Surajo kuwa sawun ubansa ya tsura wa ido, ƙanana, kusa da kusa.

"Baba, ran da kaƙ ƙirga, shekarunka nawa?"

"Ashirin da biyar. Mi ya hwaru?"

Surajo ya juya. Ya koma jikin tsamiyar ya tako irin takun saurayi mai ƙarfi. A na ashirin da huɗu ya wuce ubansa. A na talatin ruwa ya taɓa idon sawunsa. Da ya ce arba'in, ruwa yana ƙirjinsa.

Labbo ya miƙe ya nufe shi, sandarsa ta lume a taɓo, ƙafa ta ƙi ɗaguwa. Ya dubi doguwar katangar da ya gina, ya dubi ɗansa.

"Ja baya kaɗan, kak ka taka ta," ya ce. "Yi mata sallama. Ka ce mata na zo, ina bakin ruwa."