Jan Layin Ƙofa ta Uku

Burushi na huɗu ke nan da ya mutu a hannunta tun shigowar watan. Ta jefa shi cikin bokiti, ta zaro wani daga aljihun rigar aiki, ta ƙara tsiyaya bilic, maganin nan mai cin datti, a kan jan layin, ta duƙa ta ci gaba da dirza. Saboda waɗannan tsofaffin burusan haƙori ne abokan aiki suka laƙaba mata Mai Burushi.

Banɗakin mata na hawa na biyu a rukunin shagunan nan fari ne tas, tayil ɗinsa da simintin da ke tsakanin tayil da tayil. In ban da wuri ɗaya. Daga gindin ƙofa ta uku wani jan layi ya taso, ya bi tsakanin tayil huɗu, ya karya kwana, ya nufi magudanar ruwa a tsakar ɗakin. Ja ne mai duhu, irin na jinin da ya kwana. Kullum da safe sai ta dirje shi har ya dushe. Kafin rana ta take ya dawo.

Ƙwas-ƙwas ɗin takalmi ya tsaya a bayanta. Madam ce, shugabar masu shara.

"Har yanzu?"

"Ina kwana, Madam. Wallahi tun ƙarfe bakwai nake kansa."

"Na ga kina kansa. Fita nake so ya yi." Madam ta toshe hanci da gefen mayafi. "Masu ginin za su zagayo ƙarfe biyu. Wancan zuwan har hoto suka ɗauke shi, suka ce in ba za mu iya ba akwai masu iyawa. Ni ba zan rasa kwangila a kan tayil huɗu ba. In suka zo yana nan, ki ninke rigar nan ki ajiye min a tebur. Kin ji ko?"

"Na ji, Madam."

Madam ta fita. Na'urar busar da hannu da ke jikin bango ta tashi ita kaɗai, ta yi huci, ta mutu. Mai Burushi ba ta waiga ba. Ta saba. An ce wayar wutar na'urar ce ta lalace.

Aikin nan shi ke riƙe da gidanta. Mijinta shekara guda ke nan yana kwance da ciwon baya, ga yara uku. Wadda ta samo mata aikin kuwa Maman 'Yan Biyu ce, maƙwabciyarta a da, wadda ta yi shekara tara tana kula da wannan hawan. Ita ta koya mata komai: bokiti biyu, ɗaya na sabulu ɗaya na ɗauraya, a fara daga lungu a fito da baya-baya, a matse mofar goge ƙasa har sai hannu ya yi zafi. Sama da duka kuma, allon gargaɗin nan mai ruwan ɗorawa.

"Allo kafin ruwa, ƙanwata," haka take cewa. "Ko gobara ake yi a kantin, allo kafin ruwa."

Wata bakwai da suka wuce, aka kira Maman 'Yan Biyu daga makaranta, ɗaya daga cikin yaran ya faɗi a filin wasa. Ta riga ta sa hannu a takardar aiki da ke bayan ƙofa. Ta ce, "Riƙe min minti talatin, kar Madam ta ji." Mai Burushi ta goge ƙasan da sabulu mai yawa, don ta burge. Allon yana sito. Ta ce a ranta bari ta canzo ruwa ta haɗo da shi.

Tana bakin famfo ta ji ƙarar. Tim. Sau ɗaya.

Wata dattijuwa ce kwance, kanta a gindin ƙofa ta uku, takalminta ɗaya ya shige ƙarƙashin wurin wanke hannu. Jinin bai bazu ba. Layukan simintin ya samu ya bi, kamar dama ya san hanya. Kafin Mai Burushi ta yi ihu, kafin ma ta taɓa matar, sai da ta ruga sito ta ɗauko allon ta kafa a bakin ƙofa.

'Yar dattijuwar ta fito daga ƙofa ta ɗaya tana kururuwa, ta rantse babu wani allo lokacin da suka shigo. Madam ta duba takarda, ta ga hannun da ke kai. Maman 'Yan Biyu ta dawo tana haki, ta dubi allon, ta dubi Mai Burushi. Kallo ɗaya. Sannan ta ce, "Ni ce a kan aiki." A ranar aka sallame ta.

Dattijuwar kuwa, wasu sun ce ta tashi, wasu sun ce ba ta tashi ba. Takalmin yana nan a sito bayan kwalayen sabulu, ba wanda ya zo nema. Sau uku Maman 'Yan Biyu ta kira waya, sau uku Mai Burushi tana kallon wayar har ta katse. Bayan mako biyu layin ya fito.

Ƙarfe goma sha biyu ya yi. Mata suna shiga suna fita, tana janye bokiti tana mayarwa. Wata mai jaka babba ta tsallake wurin, ta yamutsa fuska.

"Baiwar Allah, wannan ba jini ba ne?"

"A'a, Hajiya," in ji ta. Ta ƙara bilic. Idanunta suna ta ruwa, yatsunta sun yi fari fat a cikin safar hannu da ta huje. Layin ya dushe kaɗan. Ta tsaya tana kallo. A gabanta, a hankali, jan ya fara tsattsafowa daga gindin ƙofar.

Ta ja da baya har ta bugi bango. "Ki yafe min," ta faɗa ƙasa-ƙasa, ba ta ma san da wacce take ba.

"Salamu alaikum! Akwai mutane a ciki?"

Baba mai gyara ne, tsohon da ke kula da famfuna da ƙofofin ginin, riƙe da akwatin kayan aiki. An turo shi ya gyara sakatar ƙofa ta uku kafin baƙi su zo. Yana shigowa ya yi tari.

"Kai! 'Yata, wanka kike yi da bilic ɗin nan ko sha kike? Buɗe taga kafin a kwashe mu mu biyu."

Ta buɗe. Ya ajiye akwati, idonsa ya sauka a kan layin.

"Wa ke ciyar da wannan?"

"Baba, ba ya fita. Wata shida ina gogewa." Ta nuna gindin ƙofar. "A nan matar nan ta faɗi."

Ya durƙusa da ƙyar, gwiwoyinsa suna ƙara. Ya kankari layin da bakin sukundireba, ya murza a yatsa, ya shinshina. Sannan ya bi shi da ido har gindin ƙofar, inda wata ƙafar ƙarfe ke riƙe da katangar da ta raba bayi na uku da na huɗu. Ya kwance murfin ƙafar. Cikinta ya ci, ya yi ja wur, yana ɓarɓashi.

"Ga jininki nan," ya ce. "Tsatsa ce. Jini ai wanki ɗaya ya ishe shi. Tun ranar da abin ya faru kike ambaliya da bilic a nan, ko?"

Ta gyaɗa kai.

"To shi ya ci ƙarfen. Kina zubawa, yana shiga gindin, yana jiƙa tsatsar, ita kuma tana biyo simintin, don shi shan ruwa yake kamar soso. Kuma bilic ba ya fitar da tsatsa, ƙara kama ta yake. Ke da hannunki kike shafa ta kullum, 'yata. Da kin bar wurin ya bushe, da bai taɓa fitowa ba."

Ya sa ta ɗauraye wurin da ruwa zalla har sau biyar. "Kar maganina ya haɗu da naki, hayaƙin sai ya kwantar da mu." Ya shafa wani farin magani daga ƙaramar kwalba, ya sauya ƙafar ƙarfen da sabuwa, ya gyara sakata yana 'yar waƙarsa. Bayan minti goma sha biyar ya ce, "Goge."

Shafa ɗaya ta yi. Layin ya fito fari sol, kamar ranar da aka shimfiɗa shi.

"Shi ke nan, aljanin ya tafi," in ji Baba yana dariya. "Sai ki yi barci yau."

Ta jira ta ji sanyi a ranta. Shiru. Ta tsaya tana kallon farin wurin, kuma tana iya nuna kowane tayil da jinin ya bi, da inda ya karya kwana.

Ƙarfe biyu da kwata masu ginin suka shigo, su uku, Madam na biye da su. Mai ɗaukar hoton ta nufi ƙofa ta uku kai tsaye, ta duƙa, ta miƙe, ta mayar da wayarta jaka. Ba su yi minti biyu ba suka wuce.

Madam ta dawo ita kaɗai, fuska a sake.

"Kin fitar da ni kunya, Mai Burushi. Ashe kina da amfani." Ta zaro makullin sito daga cikin tarin makullanta. "Tun tafiyar waccan ban naɗa kowa a hawan nan ba. Daga yau ke ce. Riƙe."

Makullin yana ɗaure da wani koren zare da aka kitsa. Maman 'Yan Biyu ce ta kitsa shi, wata rana suna zaune a sito suna hutun rana. Mai Burushi ta taka za ta karɓa, sai ta ga ƙafarta ta tsallake wurin da kanta, kamar kullum, alhali babu komai a ƙasa.

Ta tsaya. Hannunta bai miƙu ba.

"Karɓi mana, ina da aiki."

"Madam, ranar da matar nan ta faɗi." Ta cire safar hannu ɗaya, ta cire ɗayar. "Ba Maman 'Yan Biyu ba ce ta goge. Ni ce. Allon ma bayan ta faɗi na kawo shi."

Madam ta dube ta. Murmushin ya gudu daga fuskarta.

"Kin san abin da kike faɗa kuwa? Ke da miji a kwance?"

"Na sani, Madam. Ina da lambarta. In za a kira ta, ni zan fara yi mata magana."

Madam ta juya makullin a tafin hannunta, ta mayar da shi cikin 'yan'uwansa.

"Same ni a ofis."

Ƙwas-ƙwas ɗin ya yi nisa. Mai Burushi ta zubar da ruwan bokiti, ta matse mofa har hannunta ya yi zafi, ta jingine ta. Ɗauraya biyar ɗin nan ta bar ɗan damshi a bakin magudana. Ta ɗauko allon ta kafa shi a tsakiyar ƙofa, ta gyara masa zama, sannan ta bi bayan Madam.