Jirgin da Bindigoginsa ke Kallon Sama

Jirgin ya kife a cikin bahona da hantsi, ina tsaye da zannuwa a kafaɗa ina jiran in yi wanki. Da farko kamar zai tsaya. Ya karkata hagu, ya dawo, ya ɗan yi jinkiri irin na tsohuwa za ta tashi daga tabarma, sannan ya juya ciki sama. Bindigoginsa na ƙusa suka nitse, kumfa ta taso.

"Inna lillahi," na ce. "Sojojinka duk sun sha ruwan sabulu. Gidan wa za mu fara zuwa gaisuwa?"

Injiniya bai yi dariya ba, amma gefen bakinsa ya motsa, kuma a gidan nan wannan ma riba ce. Ya naɗe hannun riga ya tsamo jirgin, ya tsiyaye ruwan.

"Samansa ya fi ƙasansa nauyi, Gwaggo."

"Haka matar yayanka take in ta kafa ɗaurin ɗankwalin nan nata, ga ta nan tana yawo ba ta kife ba."

Ni ƙanwar mahaifinsu ce, shi da yayansa mai shagon siminti, wanda gidan ke hannunsa. Bokona bai wuce in rubuta sunana in karanta na wani ba, amma in kaza ta yi ƙwai a ƙarshen layinmu, kafin ta gama kuka na ji labari. Kuma ina da tsokana, ba na musu. Ni ce na taɓa ce wa tela matarsa ta haifi tagwaye, ya bar keke ya ruga gida ba takalmi, ya tarar da ita tana tsintar shinkafa da cikinta. Tun daga ranar ake cewa in Gwaggo ta ce maka rana ta fito, leƙa ka gani.

Injiniya kuwa a ofishin zane na tashar jiragen ruwa yake aiki da, yana zana jiragen fito da masu jan kaya. 'Yarsa ɗaya, muna ce mata Kurciya saboda yadda take gurnani in tana barci. Wata ranar kasuwa uwarta ta tafi da ita bakin ruwa sayen takalmin makaranta, sai jiragen sama suka zo suka saki bama-bamai. Har yau ba wanda ya ce jiragen nasa ne, sai dai rediyo ya ce kuskure aka yi. Uwar ta dawo da takalmin a leda, sabo fil, ba Kurciya. Tashar ma ta ƙone, ofishin zane ya tashi.

Ya daɗe ba ya magana. Ranar da ya sauko da allon zanensa daga kan kwaba ya hure ƙurar, uwar Kurciya ta zo ɗakina ta yi kuka, ta ce, "Gwaggo, yau ya ce in zuba masa abinci."

* * *

Ɗakinsa ƙanƙane ne, allon ya cinye rabinsa. Takardu farare manne a bango, fensura a cikin kofin shayi mai tsagaggen baki, doguwar rula ta katako wadda gefenta ya yi baƙi saboda hannu. A ƙarƙashin gado gwangwanayen madara ne da yake yankawa da almakashin uwar Kurciya yana haɗa ƙaramin jirgin gwaji. Ni nakan shiga ne don in samo abin da zan ba mata a wajen kitso, amma sai in zauna har ƙafata ta yi sanyi.

"Ba babba ba ne," ya ce mini, yana bin layi da bakin fensir. "Manyan suna da sulke mai kauri, amma ba su da sauri, kuma ba sa shiga ruwa marar zurfi. Wannan matsakaici ne, marar nauyi. Ba da jiragen ruwa yake faɗa ba. Aikinsa ɗaya, ya tsare sama."

Ya nuna mini ɗakunan bindiga masu juyawa, kowanne da baki biyu, waɗansu a gaba sun hau bayan juna kamar matakala, waɗansu a baya, ga biyu a haƙarƙari. Ga wani abu kamar rariya a kan dogon ƙarfe, wai shi ke hango jirgin sama tun yana bayan gajimare.

"To wace ƙasa ce ke da shi?"

"Tamu. Amma ba wannan ba." Ya ɗaga wata takarda, ga taswira. "A nan, tun zamanin kakanku aka kafa sojan ruwa, ba a sayar da tashar ba, ba a kori masu ƙira ba. To da yaƙin ya zo, wannan jirgin yana tsaye a bakin kasuwa."

Na dube shi da kyau, don na san idon mahaukaci, na ga da yawa. Nasa ido a zaune yake.

"Ɗan nan, ka dai san babu shi ko?"

"Na sani, Gwaggo. Da akwai shi ai ba sai na zana ba."

A saman jirgin, bayan wurin matuƙi, akwai wani ɗan ɗaki da tagarsa ta sauko ƙasa sosai. Na ce wannan taga ai sai mutum ya durƙusa. Ya ce ɗakin baƙi ne. Ya sa tafin hannu daidai ƙugunsa, ya nuna tsawon baƙon, sannan ya mai da hannun aljihu. Ban ƙara tambaya ba, kuma wannan labarin ko mai kitso ban ba ta ba.

Matsalarsa ke nan. Saman ya yi nauyi, dole wani abu ya sauka: ko bindigogin haƙarƙari, ko ɗan ɗakin. Makonni yana gogewa yana sake zanawa.

* * *

Ana cikin haka aka sa ranar auren 'yar mai siminti, da ɗan wasu masu hali. Daga nan jirgin ya zama abin kunya. Matar mai siminti ta fara cewa surukai za su zo su ga ƙato da gemu yana wasan ruwa a baho. Maƙwabta suka taya ta: wannan ai taɓin hankali ne, kuma irin wannan a jini yake, kada a ce gidan na da shi.

Uwar Kurciya ta taɓa kai shi asibiti. Likita ta ce baƙin ciki ne ya yi masa yawa, ta ba shi ƙwayoyi, ta ce a bar shi da zanensa, a riƙa zama ana hira da shi, zai dawo a hankali. Amma “a hankali” ba ta yi wa mai biki ba.

A bakin mai kitso na ji. Ta ja gashina ta sunkuyo kunnena: an gama magana da wani gidan gyaran hali a bayan gari, inda ake sa wa mutane mari a ƙafa. Za su zo da mota. Kuma don kada ya yi gardama a tara jama'a, za a ce masa manyan sojan ruwa ne suka aiko a kawo shi su ga zanensa.

Da rabin kitso na fita, na iske mai siminti a shago yana kaɗe hula.

"Kai, ƙaninka za ka kai a ɗaure?"

"Gwaggo, wa ya gaya miki?"

"Tsuntsu. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, balle wannan bai ruɓe ba. Wa ya taɓa duka? Wa ya zaga?"

"Magani za a yi masa. Kwana kaɗan ne, a gama biki ya dawo." Ya ƙi haɗa ido da ni. "Ni nake ciyar da gidan nan, ni ake nunawa da baki a masallaci. Ki bar ni da abin da ya dame ni."

"Ubanku da yana raye..."

"Da yana raye da shi zai biya kuɗin motar."

* * *

Da safen ranar na tarar da uwar Kurciya tana goge masa farar rigarsa ta zuwa ofis, tana 'yar waƙa a hanci. Rabona da jin muryarta haka tun kafin ranar kasuwa. Na ja ta gefe na zayyana mata komai.

Ta ajiye dutsen guga ta dube ni, idonta ya kawo ruwa. "Gwaggo, don girman Allah yau dai ki bar wasa. Jiya har dariya ya yi."

"Wallahi ba wasa nake ba."

"Haka kika rantse wa tela."

Na wuce tsakar gida. Yana tsugune gaban bahona, ya cika shi da ruwa.

"Zo ki gani, Gwaggo."

Ya cire bindigogin haƙarƙari. Ɗan ɗakin na nan da tagarsa. Ya ɗora jirgin a kan ruwa ya janye hannu a hankali. Ya karkata, ya dawo. Ya kaɗa ruwan da yatsa, igiya ta doke shi, ya yi rawa ya tsaya cak, bindigogin gaba da na baya duk suna kallon sama.

"Jirgin da ba shi da inda zai ajiye wanda ya ceta," ya ce, "me ya tsare?"

Na kama hannunsa. "Ɗan nan, saurare ni. Ba sojan ruwa ba ne. Gidan mari yayanka zai kai ka. Ka fita ta ƙofar baya ka tafi gidan surukanka."

Ya yi murmushi, irin wanda na shekara ina roƙon Allah in gani a fuskarsa. "Ke da zancenki. Yaya ya ce abokinsa ne ya yi hanya. Na san ba za su ƙera ba, Gwaggo, ba yaro ba ne ni. Amma ko jerin bindigogin su duba. Wata rana wani jirgi irinsa ya tsaya a bakin wata kasuwa."

"In ƙarya nake kada in ga..."

"Kada ki rantse. Ajiye mini jirgin, kada yara su taɓa."

Motar ta zo, fara, ba rubutu a jikinta. Maza biyu suka fito da riguna masu guga, ɗaya har da sara masa. Injiniya ya naɗe takardunsa ya ɗaure da zare, ya sa a hammata. Na tsaya a ƙofar gida na buɗe murya, na ce jama'a ku fito za a sace mutum da rana tsaka. Mai shayi ya leƙo, ya ga ni ce, ya yi dariya ya koma. Tela ya ɗago kai ya ce, "Wannan karon 'yan uku ne, Gwaggo?"

Da ƙafarsa ya shiga. Har ya ɗago mini hannu ta taga.

* * *

An yi biki, an yi na gani na faɗa. Kwana kaɗan ɗin mai siminti suka zama watanni. Uwar Kurciya ta yi kuka, ta yi roƙo, ta kai ƙara wurin dangi, kowa ya ce babban wa uba ne, ya fi mu sanin abin da ya dace. Daga baya iyayenta suka zo suka tafi da ita. Ba ta yi mini sallama ba, kunya ta hana ta. Ni kuwa ban riƙe ta ba.

Sai da na yi ta naci kafin a bar ni in gan shi. Tsakar gida ce mai faɗi, ba inuwa, ga mutane zube a gindin bango, in ɗaya ya motsa sai ka ji ƙarfe. An aske masa kai. Farar rigar ce a jikinsa, sai dai ba fara ba ce yanzu. Idon sawunsa ya yi baƙi inda marin ke ci. Mai gidan marin ya biyo ni yana fara'a, yana cewa an samu sauƙi sosai, da farko kullum sai ya roƙi fensir, yanzu ya daina. Na tambayi takardunsa, ya ce ai su ne ciwon, an hura wuta da su.

Na zauna kusa da shi. Na ba shi labarin ɗankwalin matar yayansa ranar biki, yadda ya maƙale a ƙofar mota. Bakinsa bai motsa ba.

"Jirginka na nan," na ce. "Yana tsaye, bai kife ba."

Ya dubi hannuwansa a kan gwiwa.

"Wane jirgi, Gwaggo?" ya ce, da sauri, yana satar kallon mai gidan. "Ni ba ni da jirgi. Na warke."

Da na dawo gida ban shiga ɗaki ba, na zagaya bayan kicin. Tun ranar biki masu wanke-wanke suka ɗauki bahona, suka juye abin da ke ciki, wani ya cilla jirgin kan rufin akurkin kaji, inda hannuna ba ya kai. Na roƙi a sauko mini da shi har na gaji. Ruwan sama ya dake shi, tsatsa ta ci gwangwanin. A kife yake, bindigogin sun soke cikin kwanon rufin, ɗan ɗakin ya lotse.

Can sama wani jirgi ya wuce da ƙara, kaji suka ruga cikin akurki. Na tsaya har ƙarar ta ɓace, sannan na ɗauki bahon na tara a bakin famfo, don wanki na jira na.