Kabeji Ɗari Biyu da Darakta Pyo

Ranar da gidan su Da-rae ke haɗa kimcin hunturu, wato kabejin da ake cuɗawa da gishiri da barkono a adana, ranar 'yan talabijin suka iso da doguwar kanta a bayan mota.

Ita ce ta sa hannu a takardar shirin. Ta gama jami'a, ta gaji da ganin wadanni a talabijin ana bin su da kiɗan tausayi, ta ce to a zo a ga nasu gidan. Ita da Mama da Baba duk wadanni ne. Baba kafinta ne, tun kafin a haife ta ya sauko da murhu da famfo da makunnin wuta daidai hannunsu.

"Wannan katakon fa?" Da-rae ta tambayi mai shirya shirin, Darakta Pyo, wani zanƙalelen mutum mai tabarau.

"Abu kaɗan ne. Za mu ɗora barkono a sama, Mama ta hau kujera ta miƙa hannu ta kasa. In hawaye ya zo, shi ke nan. Masu kallo na son haka."

Ran Da-rae ya ɓaci. Shekara talatin Mama na sayar da kifi a kasuwar Tongyeong, sanyi da ruwan sama, ba ta taɓa roƙon kowa ya miƙo mata komai ba. Yau ga shi 'yarta ta kawo wanda zai nuna wa ƙasa duka tana kasa ɗauko barkono. Ta buɗe baki ke nan Mama ta fito daga kicin, sanye da jar safar hannu ta roba har kafaɗa.

"Kai ne shugabansu? Wace shekara aka haife ka?"

Ya faɗa.

"Au, ashe ko ƙanena ya girme ka. To ɗan nan, ranar kimci ba a tsayawa kallo a tsakar gidan mutane. Da-rae, ba shi safa."

"Mama, ai ni aiki na zo..."

"Ga shi nan kuwa, kabeji guda ɗari biyu."

Wadda ta girme shi ta yi magana, ga ma'aikatansa na kallo. Ya karɓa hannu biyu.

An jera bahunan kabeji a kan benci daidai cikin Mama. Su uku suna tsaye abinsu, suna buɗe ganye suna shafa jan haɗin barkono. Darakta kuwa in ya tsaya bai kai ba, in ya sunkuya baya ya ƙage, dole ya tsuguna gwiwoyi har kunne.

"Duk tsawon nan me kake yi da shi ne?" in ji Baba. "Ko haya kake bayarwa?"

"Bar shi, Baba," Da-rae ta ce. "Haka aka haife shi, ba laifinsa ba ne. Dubi yadda yake ƙoƙari."

Mai kyamara ya ƙunshe dariya, bai kashe ba.

A kabeji na sittin Darakta ya fara nishi. A na tamanin ya manta ya share zufa da safar barkono. Hawaye ya ɓalle masa shaaa. Mama ta yago ganye, ta naɗe dafaffen nama a ciki, ta cusa masa a baki ba tare da ta yi ɗage ba.

"Gishiri ya ji?"

Ya gyaɗa kai, yana kuka yana tauna.

"To a mayar da katakon nan mota. Na ji ka tun daga kicin. In hawa kake son ɗauka, kullum ina hawa akwati a kasuwa ina yanka kifi. Ka zo can ka ɗauka, ka ga ko ina kasawa."

Ya dubi Da-rae da ido ɗaya, kamar mai neman ceto. Ta tura masa wani baho.

"Ƙarfe nawa, Mama?" ya ce.

"Biyar na asuba. Ka taho da takalmin roba."

Ya ɗaga jan hannunsa ya yi wa ma'aikata alama. Mutum biyu suka ciccibi kantar suka yi waje da ita.