Dankali a Gindin Wake

Ranar da maigidana ya ajiye aikin ofis, da littattafan noma goma sha ɗaya ya shigo gida, da fartanya guda. Fartanyar ma a juye ya riƙo ta. Ya tsaya a tsakiyar ɗaki idanunsa na ƙyalli, ya ce, "Daga yau babu abin da zai ratsa maƙogwaronmu sai abin da ƙasarmu ta haifa. Gishiri da mai kaɗai na yafe."

Allah ya sani sai da na yi hawaye. Shekara shida ina kallon mutumin nan yana fita da sassafe a goge, yana dawowa kamar tsumman da aka matse. Akawu ake ce masa, har danginsa sun kusa manta sunansa na yanka. Ranar nan ce na fara ganin ya yi dariya har haƙoran ciki. Da cewa ya yi mu koma kan dutse mu ci iska, da na ɗaure kayana.

Inna, mahaifiyata, ita ba ta yi hawaye ba. A gona aka haife ta, a gona ta girma, kuma tun da aure ya kawo ta birni ba ta ƙara taka kunya ba.

Ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Ni da na baro gona da ƙafata, har yau faso bai gama warkewa ba, shi ne za ka ja mini 'ya ka mai da ita?"

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Inna, noman yanzu na ilimi ne."

"To, madalla da ilimi. Wata huɗu na ba ku. Zan zo a dafa mini abinci daga gonar nan, tun daga ganye har nama. In na ƙoshi, na sa muku albarka. In na tashi da yunwa, motar da ta kawo ni ita za ta koma da ni da 'yata. Kai kuma ka zauna ka auri fartanyarka."

Inna ba ta magana biyu. Da wannan sharaɗi a wuyanmu muka tare a gidanmu na ƙarshen hanya: ɗaki biyu, rijiya, akurki, da fili a baya wanda Akawu ya raba fangali-fangali da igiya da ma'auni, kowane fangali da allonsa, an rubuta sunan shuka da ranar da aka binne iri. Muka zo da buhun masara ɗaya, wanda ya raɗa wa suna "tallafin wucin gadi".

Kar a ce mijina malalaci ne. Kafin rana ta fito ya ja guga talatin. Hannunsa da bai san komai ba sai biro ya yi kanta, ya fashe, ya sake yin kanta. Iri kuwa ya tsiro, karas da albasa da wake, kore shar, har nakan tsaya da safe ina kallon raɓa a kansu ƙirjina na cika da abin da ban san sunansa ba. Matsalar Akawu guda ce tak: tausayi.

Maƙwabcinmu wani dattijo ne da kowa ke kira Baba Mai Lambu. Wata rana ya leƙo ta kan shinge, ya ga fangalin karas ya cunkushe kamar gashin kai, ya ce, "Ɗana, lokacin ragewa ya yi. Cikin tsiro goma ka tuge takwas, ka bar biyu su sami wurin yin ƙiba."

Akawu ya dafe ƙirji. "Takwas, Baba? Laifin me suka yi?"

"Laifinsu yawa."

"Haka aka ce mana a ofis duk lokacin da za a rage ma'aikata. Ni ba zan yi wa wani abin da na tsana a yi mini ba. Kowa ya tsiro a gonar nan yana da haƙƙin zama."

Baba ya girgiza kai ya ce, "To, Allah ya ba su haƙurin zama da juna," ya juya abinsa.

Kaji ma haka. Shida muka fara da su, ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya ba su muƙami. Babban zakara, mai tafiya yana tura ƙirji yana cin abin da bai nema ba, shi ne Darakta. Akwai Sakatariya, akwai Ma'aji, akwai wata ramammiya mai yawan zirga-zirga da ake kira Masinja. To wa zai sa wuƙa a wuyan wanda yake gaisarwa da suna kowace safiya? Na ce to mu ci ƙwai. Ya ce kowane ƙwai ɗan tsako ne da bai gama cike takardunsa ba. Kafin wata uku kaji sun haura talatin, su suka cinye rabin tallafin wucin gadi, mu muna kallo.

Abin da ya riƙe ranmu kabewa ce. Babu wanda ya shuka ta. A kan juji ta fito, bayan ɗakin girki, inda na watsar da 'ya'yanta tun makon farko. Ba ta da allo, ba ta da ranar haihuwa, Akawu bai taɓa karanta mata ko shafi ɗaya ba, ita kuwa ta yaɗu ta haye katanga tana zuba 'ya'ya kamar tulu. Na dafa ta, na gasa ta, na soya ta, na dama ta, na yi mata miya da ganyenta. Kullum in na ajiye kwano sai ya lumshe ido ya ce, "Kin ji ɗanɗanon 'yanci?" Ni kuwa ɗanɗanon kabewa nake ji, amma in na ga yadda ƙashin wuyansa ya fito yana murmushi, sai in ce na ji.

Ana jibi Inna za ta zo na tugi karas ɗaya in gani. Wallahi da za a sami allura mai babban ido, da ya shige. Na zauna a bakin fangalin na yi kuka mai isata. Ba yunwa nake wa kuka ba. Na hango kaina a kujerar bayan mota, shi yana tsaye a ƙofar gida da fartanya, Darakta a gefensa.

Da ya tafi gyaran shinge can ƙarshen fili, na kwashi ƙwai goma sha biyu daga ƙarƙashin Sakatariya na zaga gidan Baba Mai Lambu. Ban yi dogon bayani ba. Ya karɓi ƙwan, ya ciko mini kwando da karas masu kauri da ganyensu, ya ce, "Ki binne su har wuya, ki yayyafa ruwa. Ni ban gan ki ba." Na ga kamar gefen bakinsa na rawa, na ɗauka tsufa ne. Na dawo na soke su ɗaya-ɗaya a layin gaba na fangalin, na daddanna ƙasa, na share sawuna.

Inna ta iso da hantsi. Tun kafin ta zauna ta kama hannuna ta zagaye shi da yatsa biyu, ta ce, "Hm." Ta ƙi shan ruwa. Ta ce a ba ta kwando, da hannunta za ta cire abin da za ta ci.

Muka bi ta a baya kamar masu rakiyar alƙali. Ta tsaya a fangalin karas, ta sunkuya ta kama ganye ɗaya. Ko ja ba ta yi ba ya biyo hannunta, santalele guda, kamar dama jiranta yake. Ta ɗaga shi ta juya. Akawu ya zaro ido, ya dube ni ya ce, "Kin gani? Kin ga abin da adalci ke haifarwa? Ba mu kori kowa ba, ga shi sun yi ƙiba!"

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Inna ta sake sunkuyawa. Ta miƙa hannu layi na biyu ta tugo wani, ya fito siriri kamar zare. Ta haɗa su biyun a tafin hannu ta ce, "Uwa ɗaya uba ɗaya?"

"Baiwa ce, Inna, kowa da tasa," in ji shi. Sai ya yi gyaran murya, ya ce da wata irin murya da ban san shi da ita ba, "In Inna za ta ƙarasa gaba kaɗan, akwai dankali ma."

Na dube shi. Mu da ba mu taɓa shuka dankali ba?

Ya kai ta fangalin ƙarshe, inda allon ya ɓace, ya nuna ƙasa. Inna ta dubi ganyen, ta dube shi, ta tura yatsu a gindin shukar. Sai ga dankali. Ta sake turawa, sai ga wani. Guda tara ta fito da su, a wanke tas, kuma a jere suke a cikin ƙasar, daga ƙarami zuwa babba, kamar fayil a kan kanta.

Ta miƙe a hankali tana kaɗe hannu. Ta tsinko wani abu daga saman shukar ta ɗaga masa. "Wannan mene ne, surukina?"

Ya matso da fuska. "Kamar... wake."

"Wake ne. Shekara goma sha tara na yi a gona ban taɓa ganin shukar da ke ba da wake a sama, dankali a ƙasa ba. Kuma ta wanke shi, ta jera. A wane littafin aka koya mata?"

Daga bayan shinge muka ji wani abu kamar tari. Baba Mai Lambu ne, ya riƙe ciki yana share hawaye da hularsa. "Ku gafarce ni," in ji shi. "Matar ta zo da rana, mijin ya zo da yamma, kowa ya ce kar in gaya wa ɗayan. Shi har tambayarsa na yi ko ya san ganyen dankali, ya ce ya gani a hoto."

Na dubi Akawu, ya dube ni. Ashe shi ma ya tugi karas ya gani. Ashe shi ma ya hango motar nan. Mutumin da bai taɓa sa hannu a takardar ƙarya ba a shekara shida, ya durƙusa yana binne dankali a gindin wake saboda ni. Kunya ta rufe ni, so kuma ya rufe kunyar, na rasa wanne zan fara yi wa kuka.

"Ba kallon juna na zo gani ba," in ji Inna. "Ku mai da wa dattijo kayansa. Sharaɗina na nan, kuma yunwa nake ji." Ta waiwaya ta ga kaji sun cika tsakar gida, ta ƙirga da ido, ta ce, "Wancan ƙaton fa?"

"Darakta ne, Inna."

"Ko uban Darakta ne. Kai, abinci ya kewaye ku kuna rama kamar masu jinya! Zaɓi ɗaya za ka yi: ko zakaran nan, ko matarka."

Ya yi shiru. Ba zan ɓoye ba, shirun ya ɗan fi tsawon da nake so, kuma har yau in muka yi faɗa ina tuna masa. Sannan ya shiga ɗakin girki ya fito da wuƙa. Sau uku suka zagaye rijiya shi da Darakta kafin ya kama shi. Ya zagaya da shi bayan akurki, muka ji yana cewa, "Ranka ya daɗe, hukuma ta gode da hidimarka." Da ya fito idanunsa sun yi ja, amma na lura kafaɗunsa sun ɗan sauka, kamar wanda ya sauke maganar da ya riƙe shekara shida.

Inna ba ta bar shi ya huta ba. Ta tuɓe takalmanta na birni, ta ɗaure gyale a ƙugu, ta durƙusar da shi a fangalin karas. "Takwas cikin goma. Fara." Yana tugewa yana ba su haƙuri, ita tana tugewa tana faɗa, hannunta na gudu a cikin ganye kamar jiya ta bar gona. Abin da suka tuge na wanke, na yanka har da ganyen, na zuba a tukunya tare da Darakta da ƙananan albasa da ɗanyen wake. Na gasa kabewa a gefe, na soya ƙwai shida ba tare da na tambayi takardunsu ba.

Inna ta ci. Ta ƙara. Ta tsotse ƙashi, ta sha romo, ta jingina da bango ta yi hamdala.

"Kin ƙoshi, Inna?" na tambaya.

"Na ƙoshi. Allah ya yi muku albarka, wawaye biyu." Ta leƙa waje ta ce wa mai motar ya sauke mata jakarta ya tafi.

Akawu ya ce, "Inna, jaka kuma?"

"Albasar nan ma tana neman ragewa, waken yana neman sanda, kuma in na juya baya za ka ba kabewa muƙami. Sai an kwashe amfanin gona zan tafi. Ku share mini ɗakin da kuka cika da littattafai." Ta nuna wata kaza da ke tono a bakin ƙofa. "Wannan mai ƙibar wace ce?"

Ya dubi Ma'aji, ya dube ni, ya ce, "Kaza ce kawai, Inna."