Salatif a Kan Jar Fitila

Injin niƙan kamfanin ya tsaya cak, ƙauri ya turnuƙe ɗakin. Hajiya mai kamfanin ta toshe hanci da mayafi, ta sa aka kira ɗan wanta, wanda ta damƙa wa kula da injuna don kunyar zumunci.

"Ina jar fitilar da ke kamawa in mai ya ƙare?"

"Ai na gyara ta tuni, Gwaggo. Ta ishe mu da ƙyaftawa."

Yana washe baki ya nuna baƙin salatif ɗin da ya liƙe ta da shi.

Hajiya ta ja dogon tsaki.

"Allah ya sa kada ubanka ya yi tari a gabanka, don bakinsa za ka liƙe."