Ƙoƙon da Aka Ware wa Laraba

Laraba 'yar Dalijan ce, can ƙasar Gwandu, kuma kafin ciwo ya same ta babu macen da ta fi ta iya kaɗin auduga a unguwarsu. Kuturta ta fara mata da ɗan tabo a kafaɗa, ta bi ta cinye mata yatsu uku na hannun dama. Miji ya sallame ta, yayanta Umaru ya ɗora ta a jaki ya kai ta zangon kutare na 'yan mishan kusa da Kalgo. Shekara shida ta yi a wurin. A nan ta ji labarin yadda Yesu Almasihu ya miƙa hannu ya taɓa kuturu, ta ba da gaskiya, aka yi mata baftisma. Duk ranar karɓar magani, in ta haɗiye ƙwayar sai ta ce, "Ubangiji, magani nasu ne, waraka taka ce."

A kakar 1956 likita ya duba ta ya ba ta takarda: ciwo ya mutu, ba za ta shafa wa kowa ba. Malam Isa, ma'aikacin da ke raba musu ƙwaya, shi ya rubuta sunanta a kai da hannunsa.

Ta tafi Gwandu, inda Umaru ya koma da zama, gabanta na faɗuwa, don ta dawo da dungu ga kuma sabon addini. Umaru ya sa aka karanta masa takardar, sannan ya ce, "Addininki ke da Allah. Gida dai gidanku ne." Matarsa Kubura ta ajiye tuwo a akushi ɗaya, suka sa hannu tare. Laraba tana ci tana hawaye.

Da yake babu wanda za ta yi sujada da shi a Gwandu, bayan wata biyu ta koma Kalgo. Ranar Lahadi ta shiga ɗakin da masu lafiya ke taruwa, ma'aikatan mishan da iyalansu, ba su fi mutum ashirin ba. Malam Isa ne dattijon ikilisiyar. Ranar kuwa ta dace da jibin Ubangiji, inda masu bi ke cin gurasa su sha daga ƙoƙo ɗaya don tunawa da jiki da jinin Yesu. Aka bi da gurasa, sannan ƙoƙo ya kama zagayawa daga hannu zuwa hannu. Da ya zo kusa da ita, sai Malam Isa ya tsallake ta, ya jawo wani ɗan gwangwani daga ƙarƙashin tebur, ya tsiyaya mata a ciki.

Laraba ta dubi gwangwanin, ta dubi Malam Isa. Ta miƙe tsaye.

"Malam, wanga na wa ne?"

"Naki ne, Laraba. Karɓi, mu yi maganar daga baya," ya faɗa ƙasa-ƙasa.

"Yanzu za mu yi ta. Wa ya rubuta sunana bisa takardar likita?"

"Ni ne."

"Ƙarya ka rubuta?"

"Ba ƙarya ba ce. Amma mutane suna tsoro. In suka watse fa?"

"Matar yayana Musulma ce, ba ta san boko ba, ta ci tuwo da ni akushi ɗaya! Kai da ka shekara shida kana zuba mini ƙwaya a tafin hannu, kai da ka koya mini cewa Yesu bai ja da baya ba, yau kai ne mai gwangwani? Jinin nasa kashi biyu ne, da na masu yatsu da na kutare?"

Ta ja mayafinta ta fice.

Lahadi huɗu ba ta leƙa wurin ba. Abinci ya daina shiga, addu'a ma in ta fara sai ta koma faɗa. Wata safiya tana shara a ƙofar bukkarta ta jefar da tsintsiyar, ta durƙusa a nan cikin bola ta ce, "Ubangiji, ka warkar da fata, ga zuciya tana ruɓewa. Sun yi mini ba daidai ba, kai ma ka gani, kuma ba zan ce daidai ne ba. Amma wagga wuta ta fi ƙarfina. Wanda ya iya da kuturta zai iya da ita." Ba ta ji wani abin mamaki ya sauko ba. Ta dai iya cin abinci a ranar.

Lahadi ta biyar ta koma, ta zauna a layin gaba na mata. Ashe tun fitarta ake ta gardama a ikilisiyar. Da ƙoƙo ya iso, Malam Isa ya miƙa mata shi, ta riƙe da dungunta ta sha, shi kuma ya karɓa ya sha a bayanta. Gida biyu suka tashi suka fita, ɗaya bai sake dawowa ba.

Malam Isa bai taɓa buɗe baki ya ba ta haƙuri ba, abin ya daɗe yana ci mata rai. In sun haɗu a hanyar kasuwa sai ta kau da kai, ta koma gida ta sake kai ƙarar zuciyarta gaban Allah. Haka aka yi har damina ta faɗi. Rannan ta same shi yana gyaran dangar gonarsa, ta tsaya ta ce, "Sannu da aiki, Malam. Ya iyali?" Ya amsa, suka ɗan taɓa zancen ruwan bana, kowa ya kama gabansa.