Tsawa a Gonar Delbert

Ranar wata Talata cikin watan Yuli, rana na tsaka, matar maƙwabcina Delbert Tuttle, mai suna Wanda Faye, ta buga mini waya.

"Orval, ajiye abin da ke hannunka ka zo. Fankoki sun tsaya."

Ni ban yi karatu mai nisa ba, amma daga rediyo har kwamfuta ba abin da ban buɗe cikinsa ba, shi ya sa a wannan yanki namu na arewacin jihar Jojiya ni ake fara kira. Ɗakin kajin Delbert dogo ne, ba taga, kaji wajen dubu ashirin a ciki. Tun da kamfanin da ke ba shi 'yan tsaki ya sake masa tsari, kwamfuta guda a ɗan ofis ita ke juya fankokin duka. In suka tsaya a wannan zafi, kajin dahuwa za su yi da ransu.

Na tarar sun wangale ƙofofi, amma ko ganye ba ya motsi. Kaji sun buɗe baki suna haki. Hadari ya haɗo daga yamma. Kwamfuta kuwa sai ta kawo haske, ta yi baƙi, ta sake kawowa.

Na ce, "Me ka yi mata, Delbert?"

"Ni? Ko taɓa ta ban yi ba."

Wanda Faye ta ce, "Faɗa masa gaskiya, tsohon nan."

Ya sosa ƙeya. "Tsawa na ji, na zare wayarta daga bango. Haka babana ya koya mana tun da aradu ta ƙona masa talabijin."

"Me ke rubuce a fuskarta lokacin?"

"Wai tana sabunta kanta, kada a kashe. Yo ni injin zai ba umarni a gonata?"

Na ce, "Ka kama ta tana canza riga ke nan. Ta tuɓe tsohuwa, ba ta sa sabuwa ba."

Na kunna ta, tana fara farkawa na danne maɓallin har ta mutu. Na sake, na kuma sakewa. Haka ake yi har ta gane da kanta cewa ba lafiya, ta buɗe shafin gyara.

Delbert ya ce, "Au! Ni na kashe na zama mai laifi, kai kana kashewa ka zama likita?"

Ban kula shi ba, kunnena na ɗakin kaji. Kukansu raguwa yake yi, kuma mai kiwo ba abin da yake tsoro kamar shirun kaji.

Shafin ya buɗe, na zaɓi a cire sabuntawar ƙarshe. Ɗan zobe ya hau juyawa, ƙarƙashinsa rubutun nan dai: kada a kashe.

Sai tsawa ta fashe a bisa kanmu, ƙwan lantarki ya ƙifta. Na ga hannun Delbert ya nufi bango, shi kansa bai sani ba. Wanda Faye ta sha gabansa, ta jingina bayanta da soket ɗin.

"Sai dai ka zare ni, maigida."

Muka tsaya cirko-cirko, zobe na juyawa. Daga ɗakin kaji babu ko ƙyas.

Can fankar farko ta yi gurnani, sauran suka bi. Muka ruga ɗakin kaji. Na bakin ƙofa sun rayu, suna tangaɗi. Can ƙurya kuwa, inda iska ba ta kai ba, matattun kaji ne fari fat a kwance, sun hau kan juna. Delbert ya cire hula, ya mayar, ya je ya turo baro don kwashe su.

Na koma ofis ɗaukar jakata. A kusurwar allon wani ɗan saƙo ya fito: sabuntawar da na cire ta sake shiri, za ta shiga da kanta nan ba da jimawa ba. Ta ƙofa na hango Delbert ya tsaya da baro cike, yana kallon sama. Wani hadarin na tafe.